Yadda Ake Shirya Wa Ƙaramin Yaro Bikin Ranar Haihuwa a Jidda, Daki-Daki

Tun bayan ɗan taron da muka yi wa autata da ta cika shekara 4, ba a kwana biyu wata ba ta tare ni da tambaya ba. Nawa kika kashe? Ina kika samo kek ɗin? Yaya aka yi yara goma sha biyar suka taru a shagga, wato gidan haya na cikin bene, ba su fasa komai ba? Sun fasa, kofi biyu da murfin fulas. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na jero abin daga farko. Na yi wa 'ya'yana uku, na kuma taya maƙwabta da dangi sau da dama. Maganar yara 'yan shekara 1 zuwa 7 nake yi. Ki bi matakan yadda na jera su, domin yawancin asarar da na gani daga wajen wadda ta fara sayen balan-balan ne alhali ba ta san mutum nawa za su zo ba.

1. Ki fara da maigida

Malamai da yawa a ƙasar nan, Saudiyya, ciki har da marigayi Sheikh Bin Baz, sun ba da fatawar cewa bikin zagayowar ranar haihuwa bai halatta ba. Wasu malaman kuma suna kallonsa a matsayin al'ada. Ni ba malama ba ce, ba kuma wannan ne ya zaunar da ni ba. Abin da na sani shi ne a gama wannan maganar a cikin gida kafin a kashe ko riyal ɗaya. Da na ce, “Baban yara, ina so in tara wa Auta 'yan'uwanta ranar Alhamis,” tambaya biyu ya yi mini: akwai kiɗa, kuma nawa ne. Muka daidaita a kan babu kiɗa, babu hura kyandir. Idan surukarki tana kusa, ki je da ƙafarki ki gaya mata, kada ta ji a bakin jikoki.

Wasu gidajen sukan mayar da abin walimar kai izu ko ta shiga aji ɗaya. Matakan da ke ƙasa duk ɗaya ne.

2. Rana da lokaci

Da wane kwanan wata za ki lissafa, na Hijira ko na Miladiyya? Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka yaron da aka haifa a lokacin sanyi, idan da Hijira ake masa lissafi, kafin ya gama firamare ranarsa ta gusa da wajen wata huɗu. Ba dole ba ne taron ya faɗa a ainihin ranar. Ki nemi ƙarshen makon da ya fi kusa.

Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne. Daren Alhamis ya fi, sai yammacin Juma'a. Daren Asabar kada ki soma, gobe Lahadi da sassafe akwai makaranta, iyaye za su riƙa kallon agogo tun ba a raba abinci ba. Ki duba makon jarrabawa, ki duba azumi.

Ga 'yan ƙasa da shekara 3, tsakanin La'asar da Magariba ya isa. Ga 'yan 4 zuwa 7, ni bayan Magariba nake sawa. A kalandar Ummul Ƙura da ake bi a nan, tsakanin Magariba da Isha awa ɗaya da rabi ne cif, ban da watan azumi da yake awa biyu, kuma wannan awa ɗaya da rabin shi ne iyakar abin da ƙaramin yaro zai iya na hayaniya kafin ya fara kukan banza. Ki tuna Magariba a Jidda tana tashi daga wajen 5:40 a Disamba ta kai wajen 7:10 a tsakiyar zafi, don haka kada ki kwafi lokacin da wata ta yi nata wata shida da suka wuce.

A kula: idan a Makka za a yi kuma dangi daga Jidda za su zo, ki kauce wa lokacin aikin Hajji. Daga wajen ƙarshen Shawwal ake tsare hanya, wanda igamarsa, wato takardar zamansa, ba ta Makka ba ce ba ya shiga sai da tasrihi, wato takardar izini.

3. Ƙirga baƙi

A nan ake faɗuwa. Kin gayyaci yaro ɗaya, to kin gayyaci uwarsa, ƙanwarsa ta goye, yayarsa, wani sa'in har da baƙuwar da ta zo Umara ta sauka a gidansu. Ba za ki kori kowa ba, mu ba haka muke ba. Sai dai ki yi lissafinki da wannan a rai: ki rubuta sunayen yaran da kike so, ki ninka sau biyu da rabi. Sunaye goma, ki dafa na mutum ashirin da biyar.

Ki rubuta shekarun kowane yaro a gefen sunansa. Zai yi miki amfani wajen abinci da wajen wasa. Idan mai bikin shekara 1 ko 2 ne, ki san taron na iyaye ne, shi bai san ana yi ba. Gida uku ko huɗu sun isa, ki adana kuɗinki zuwa lokacin da zai iya tunawa.

4. Wuri

Shagga ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ga yara goma sha biyar zuwa ƙasa tana ɗauka idan an kwashe kaya. Ki fitar da teburin gilashi, ki tura kujeru jikin bango, ki kulle ɗakunan kwana da makulli. Ki tabbatar tagogi a rufe suke, babu kujera ko gado a ƙarƙashinsu, ƙofar baranda kuma a kulle. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ki wanke ragarsa tun ana jibi, domin na'urar da ke sanyaya mutum biyar sai ta riƙa huci idan an kai talatin.

Filin shaƙatawa ko bakin teku, Kurnish ke nan, daga Disamba zuwa Fabrairu kawai nake ba da shawararsa. Sauran watannin zafi da gumi ba za su bar kek ko yaro su yi awa ɗaya lafiya ba. Wuraren wasan yara na cikin mol suna da daɗi, sai dai kai-kai ake biya, kuma kin ga yadda muka ce baƙinmu suke ninkuwa.

Istiraha kuwa, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, irin na unguwannin Harazat ko Hamdaniyya, sai idan gida biyu ko uku za su haɗa kuɗi, misali yara biyu da aka haifa wata ɗaya. Kafin ki ba da arbun, wato kafin alƙalami, ki je ki gani da idonki, hoton talla ba abin yarda ba ne. Ki tambayi ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake fita, nawa ne kuɗin ta'amin da za a riƙe saboda ɓarna, wa ke da alhakin shara, akwai ɓangaren maza daban ko babu. Farashi yana hawa a daren Alhamis da Juma'a da lokacin hutun makaranta. Da kin shiga, ki ɗauki bidiyon ko'ina kafin yara su iso. Mun taɓa rasa rabin ta'amin a kan wata kujera da muka tarar a karye, ba mu da shaida.

Gargaɗi: idan akwai wurin ninƙaya, ko dai ƙofarsa tana da makulli ya kasance a jakarki, ko ki nemi wata istirahar. Yaro idan yana nutsewa ba ya ihu. Idan za a bari su shiga, mace ɗaya ta zauna a bakin ruwan, ba waya a hannunta, ba aikin kicin, a riƙa canza ta duk minti 20. “Ai muna ganinsu” shi ne abin da kowa ke faɗa, kuma ma'anarsa ba wanda ke gani.

5. Kuɗi

Sai yanzu da kin san rana, adadi da wuri za ki iya yanke kuɗi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ga abin da ni na kashe a na Auta, yara 15 da iyaye mata 10, a gida, ni na yi girkin: kayan abinci wajen riyal 250, kek 120, ruwa da kayan zoɓo 60, kwalliya da faranti da sufra (ledar da ake shimfiɗawa a ci abinci) 70, tauzi'at ('yan kyaututtukan da ake raba wa yara) 75. Na ajiye wasu 75 a gefe, suka tafi a ƙanƙara, kuɗin kawo kaya da ƙarin burodi. Duka 650. Naki zai iya bambanta da unguwa da lokaci, amma tsarin rabon ki riƙe shi: abinci ne kan gaba, kwalliya a baya, kuma kashi ɗaya cikin goma a ajiye ba a taɓa ba sai ranar.

Duk wanda ya gaya miki farashi, ki tambaya da dariba, wato haraji, ko babu. Harajin saye kashi 15 cikin 100 ne tun 2020, a kan abin riyal 400 ƙarin 60 ke nan. Kuma don Allah kada ki ci adashi ko ki karɓi bashi saboda wannan.

6. Gayyata

Kwana goma kafin ranar, ki aika wa kowace uwa saƙonta ita kaɗai a WhatsApp. Kada ki jefa a babban zauren unguwa sai idan kin shirya ciyar da unguwar. Ki sa rana, lokacin farawa, lokacin tashi, da lokeshan. Ki rubuta ƙarara: “Za a fara wasa da an idar da Magariba, a yanka kek bayan Isha.” Mutanenmu na nan sun koyi zuwa taro ƙarfe goma na dare, idan ba ki faɗi lokacin kek ba haka za su yi miki.

A cikin saƙon ki tambaya: akwai abin da yaron ba ya ci, ko wata lalura? Ana gobe ki sake tunatarwa.

7. Abinci

Yara ba cin kirki suke yi a taro ba, tsakura suke yi su koma wasa. Ki yi abin da hannu ɗaya zai ɗauka. Lissafina ga kowane yaro: ƙananan masa uku, sambusa biyu, ɗan yankan kaza ɗaya mara ƙashi, ɗan soyayyen dankali, da yankan kankana ko ayaba. Cincin da dubulan ki yi su tun saura kwana uku ki rufe a mazubi. Sambusa ki naɗe tun saura mako ki sa a firiza. Ƙullun masa a kwana da shi, suya da rana. Abin da ya rage na ranar ya zama suya da jerawa kawai.

Iyaye mata kuma tukunya ɗaya ta ishe su, ko dafa-duka ko shinkafar bukhari. Kilo ɗaya na shinkafa yana ciyar da mutum takwas. Gahawa da dabino a tare su da shi. Idan za ki sayo sire, wato tsirenmu da mutanen Hijaz suka karɓe har da sunan, ki ce a raba biyu, na yara kada a barbaɗa yaji, a kuma zare tsinkayen kafin ya shigo falo. Idan kaza za ki yi oda, ko daga gidan abinci na Albaik ko wani, ki sani daren Alhamis layi ne, ki tura mutum tun kafin Magariba.

Abin sha: zoɓo mara citta da yawa, da ƙananan gorunan ruwa. Ki rubuta sunan kowane yaro a jikin gorarsa da alƙalamin maka, in ba haka ba za ki kwashe gora arba'in kowacce an kurɓa sau ɗaya. Zoɓo yana ɓata kafet, a sha shi a kan sufra. Kunun aya kuma ba ya jure zafi, daga sallaja, wato firji, sai baki.

Gargaɗi: ɗan ƙasa da shekara 4 ba a ba shi gyaɗa, gugguru, alewa mai tauri ko inabi guda, suna shaƙe yara. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma. Kulikuli da yajin sire duk gyaɗa ce, ki gaya wa uwar da ɗanta ke da alajin gyaɗa. Kada ki ajiye waken ful ko ɗa'amiyya, wato ƙosan Larabawa, da ba ki san da me aka yi ba sai kin tambaya, domin akwai yara masu lalurar da a nan ake kira animiyar ful, waken yana farfasa musu jini. Mai sikila kuma a riƙa ba shi ruwa, kada ya zauna daidai bakin mukayyif, kada ya shiga ruwan sanyi.

8. Kek

Kilo ɗaya da rabi ya ishi yara 15 idan an yanka ƙanana, iyaye su ɗanɗana. Ki ba da oda saura kwana biyar. Sunan yaron ki rubuta shi da kanki a saƙo, harafi-harafi, ki ce a turo hoto kafin a kawo. Sunayenmu na gida irin su Ummi da Abba suna wahalar da mai rubutun da bai saba jinsu ba, gyara kuma a kan kirim ba ya kyau.

Kek shi ne abu na ƙarshe da ake ɗaukowa. Na babban ɗana, a watan Yuli, na karɓe shi tun la'asar, na ɗora a kujerar baya, na tsaya baƙala, wato ɗan kantin unguwa, minti goma in sayi tishu. Da muka buɗe kwalin a gida, motar da aka zana a kai ta gangaro gefe, shuɗi ya shige ja, sunan ya koma layi ɗaya. Yaron ya leƙa ya ce, “Umma, an yi hatsari.” Tun daga ranar, a ƙasan mota nake ajiye shi inda yake shimfiɗe, mukayyif a kunne, ba tsayawa ko'ina, kuma na riga na share masa wuri a sallaja.

Idan gidanku ana kunna kyandir, ki ɗaure gashin yarinya baya, ki janye gyale da balan-balan. Kyandir mai tartsatsi ba na ƙananan yara ba ne. Feshin kumfar nan da ake yi wa mai biki yana kama wuta, kada ma ya shigo gidan.

9. Kwalliya

Bango ɗaya kawai ki yi wa ado, inda za a ajiye kek a yi hoto. Launi biyu. Shagunan kayan arha na Abu Khamsa da makamantansu suna da komai: balan-balan, labulen ƙyalli, faranti da kofin takarda, sufra. Ki sayi ɗan famfon hurawa, bakinki ba zai hura hamsin ba. A hura da safiyar ranar a ɗaki mai sanyi, idan aka bar su a mota fashewa suke yi. Wajen liƙawa ki yi amfani da salatif na takarda, mai ƙarfin yana ɓantaro fenti, mai gida kuma zai lissafa miki ranar tashi. Idan masu tashi sama kike so, ki tabbatar iskar hiliyom ce, haidirojin yana kama wuta.

Gargaɗi: balan-balan da ya fashe, a tsince shi nan take. Guntunsa idan ya shige maƙogwaron yaro yana liƙewa. Ki ɗora wa yarinya babba ɗaya wannan aikin ita kaɗai.

10. Tsarin awa ɗaya da rabin

Ki rubuta a takarda ki manna a ƙofar kicin, ki raba aiki tun kafin ranar: ɗaya a kicin, ɗaya a wasa, ɗaya a bakin ƙofa. Ke uwar biki kada ki riƙe ko ɗaya, domin ke kowa zai riƙa kira.

Minti 20 na farko na isowa ne. Ki baza takardun zane da fensir mai launi a ƙasa, duk wanda ya shigo ya zauna. Sai minti 30 na wasa. Zagaya kujeru da tafi ko waƙar gaɗa, jefa ƙwallo a kwando, neman abin da aka ɓoye a falo. Wasa uku sun isa, kowanne kada ya wuce minti goma. 'Yan ƙasa da shekara 5 ba su san faɗuwa ba, wanda aka fitar kuka zai yi, don haka wanda ya fita ki ba shi aikin tafi da ɗan sitika a hannu. Sai wanke hannu, a shimfiɗa sufra, minti 25 na ci.

Daidai nan za a kira Isha. Duk wani sauti a kashe. Dokar ladabin jama'a ta 2019 ta sa tara a kan kiɗa lokacin kiran salla da kuma ƙure sauti a unguwar zama, ko ba doka ma kin san bai dace ba. Iyaye su yi salla kashi biyu, wata dattijuwa ta tara yaran ta yi musu tatsuniya. A namu gwaggon maigida ce ta zauna a tsakiya ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Yara uku ne kacal suka san amsar, sauran da Larabci suke tambayar juna me ta ce. Ta sa su maimaita “Ta zo mu ji ta” har sau uku, sannan ta shiga labarin Gizo da Ƙoƙi. Falon da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit, har da wanda ya fasa mini kofi. Bayan nan kek, addu'a, sallama.

Idan za a yi wa 'yan mata lalle, jan lalle na gargajiya kawai. Baƙin nan mai dayis yana da sinadarin da ke ƙona fatar wasu yaran har ya bar tabo.

Ki ajiye filasta da auduga kusa. Motar asibiti 997, lambar gaggawa ta yankin Makka, har da Jidda, 911, shawarar likita ta Ma'aikatar Lafiya 937.

11. Hoto

Mata sun cire abaya da niƙabi sun saki jiki a falonki saboda sun amince da ke. Mutum ɗaya ya yi hoto, a jikin bangon kwalliya, yara kawai. Ki faɗa da bakinki tun a farko: “Don Allah 'yan'uwa, ba bidiyo.” Kada ki sa ɗan wata a Snapchat ko sitatus sai kin tambayi uwarsa. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya.

12. Tauzi'at da sallama

Riyal 5 a kan kowane yaro ya isa: ɗan littafin zane, fensir biyu, biskit, sitika. Duka iri ɗaya, ba na maza ba na mata, in ba haka ba rigima ce a bakin ƙofa. Ki yi ƙarin biyar saboda waɗanda ba ki lissafa ba. Ban da usur, iyaye za su yi miki Allah ya isa a mota. Ban da ƙananan kayan wasa masu batir kamar maɓalli, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

A bakin ƙofa ake miƙa su, shi ne alamar an tashi. Kyaututtukan da aka kawo wa mai biki kada a buɗe a gaban mutane, wata ta kawo na riyal 100, wata na 10, wata ba ta samu kawowa ba. Ki rubuta wa ya kawo me kafin yaron ya yage takardun, gobe ki bi su da godiya.

Kowane yaro a hannun uwarsa zai fita, mai tsaron ƙofa ta tabbatar, musamman inda akwai lif ko titi a bakin gini. Sauran abinci ki ƙulla wa masu tafiya a leda tun da ɗuminsa. Faranti ɗaya ki aika wa maƙwabciyar da ke ƙasanku, wadda ta sha dirin ƙafafu awa biyu, ɗaya kuma ki ba haris, wato mai gadin gini, tare da buhunan shara. Sufra a naɗe ta da duk abin da ke kai a jefa. Inda zoɓo ya zuba a kafet, ki danna da tsumma da ruwan sanyi a daren, kada ki goga, kada kuma ki bar shi ya kwana.